Kwandon Sharar Maigida

Litinin, 3 ga wata, 6:40 na safe

Na kunna ta na je na ɗora ruwan shayi. Ruwa ya tafasa, na sha, na wanke kofi, na dawo na tarar da 'yar da'irar nan tana ta juyawa a kan allo. Minti goma sha tara kafin ta buɗe. Da agogo na auna, ba ƙiyasi ba. Shekara talatin da ɗaya ina koyarwa a firamare, na ga daƙiƙai iri-iri, amma ban taɓa ganin daƙiƙi irin kwamfutar Maigida ba.

Matar da ke koya masa magana a asibiti ce ta ce in kawo ta. Ta ce tunda akawu ne, ya shekara arba'in yana buga takardu, wataƙila abin da baki ya kasa yatsa ya iya. Hannun hagu yana motsi. Mun gwada biro, ya yi ta jan layi kamar tafiyar tsutsa har ya yi jifa da shi. Mun gwada waya, haruffan sun yi masa ƙanana. Saura wannan.

Rabin awa take da shi, kullum ƙarfe goma, a wani ɗan ɗaki mai soket ɗaya. Batirin kwamfutar ya mutu tun bara, sai an jona ta take tashi. A cire sha tara daga talatin. Ko 'yan aji biyu sun san amsar.

Yau kwana goma sha biyar da ɓarin jikinsa ya shanye.

Talata, 4 ga wata, 1:15 na rana

Na kai ta. Muka jona, muka zauna mu uku muna kallon da'ira. Malamar magana tana satar kallon agogo, ni ina satar kallonta, shi kuwa bai ɗauke ido daga allon ba ko sau ɗaya. Da ta buɗe ya miƙa hannun hagu ya kama linzamin kwamfutar, ya fara jan 'yar kibiyar zuwa kusurwar sama. Kibiya ta maƙale a tsakiya. Ya jijjiga, ta ƙi. Can ta yi tsalle ta faɗa wani wurin, wani abu ya fara buɗewa, da'ira ta dawo. Lokaci ya cika.

Ya yi sautin nan da yake yi yanzu. Ba zan kwatanta shi a nan ba.

A waje na tarar da yayan Auta a kan benci, inda na bar shi, da ledar lemo a gefensa. Tun ranar Asabar da ya sauka nan ne wurin zamansa. Ya san sunan kowane likita, ya san kowane magani da awonsa, amma bai taka ƙofar ɗakin ba. Ya ce kada ganinsa ya tayar wa Baba da hankali. Na ce to. Shekara shida rabon da su haɗa ido, ba ni ce zan ja shi da hannu ba, mutum da gemunsa. Abin da ya faru a falon gidan nan a wancan lokacin ba zai shiga littafin nan ba.

Ranar 24 zai koma. Ya nuna mini tikitin ba tare da na tambaya ba.

Laraba, 5 ga wata, 6:50 na safe

Minti ashirin da ɗaya. Ita ma jikin nata ya motsa ke nan.

Alhamis, 6 ga wata, 3:30 na yamma

Na kai ta wurin mai gyara, wanda shagonsa ke ƙarƙashin matakala kusa da kantin magani. Dattijo ne mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Ya juya ta, ya sa hanci a ramin fanka, ya ce wannan rabonta da numfashi tun zamanin da. Ya ce in bar ta mako ɗaya, akwai layi. Na ce ba ni da mako. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ga dai ba wasa na zo yi ba, sai ya yagi bayan kwali ya rubuta mini abubuwa biyar da zan iya yi da kaina: kakkaɓe ƙura, kashe manhajojin da ke tashi tare da ita, cire waɗanda ba a amfani da su, kwashe shara, sannan a bar ta ta sabunta kanta. Ya nuna mini inda ake latsa kowanne, ina rubutawa kamar ɗaliba.

Har na kai ƙofa ya ce, "Malama, kafin ki goge komai ki tambayi mai ita."

Na ce mai ita ya yi tafiya.

Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba. Na sani. Na gaji da fuskar da mutane ke yi idan na faɗa musu, na gaji da sannu, na gaji da labarin kawun wani da shi ma haka ta same shi amma yanzu har keke yake hawa.

Juma'a, 7 ga wata, 2:45 na rana

Gidan ya yi shiru irin wanda ba na so. Duk Juma'a war haka, idan ya dawo daga masallaci ya ci abinci, sai ya shige ɗan ɗakinsa ya tura ƙofa, in yi ta jin ƙwas-ƙwas-ƙwas kusan awa guda. Na ɗauka wasiƙun ƙorafinsa ne, don Maigida ba ya ganin famfo yana yoyo a titi bai rubuta wa wani ofishi ba. Sau ɗaya na tambaye shi, ya ce aikin akawu ba ya ƙarewa. Ban sake tambaya ba.

Na zauna a kujerarsa na yi abu na farko a jerin mai gyara. Da tsohon buroshin haƙori da tsinken auduga. Ƙurar da na ciro daga ramin fanka ta isa a yi wa ɓera katifa. Tunda na fara kuma sai hannu ya ƙi tsayawa, na share teburin, na tattara bironan da ba sa rubutu guda goma sha huɗu, da murafen kwalba, da makullan da ba mu san ƙofofinsu ba. Har na kai su bakin kwando sai na mayar.

Wannan faɗan mun shekara talatin da takwas muna yinsa. Ni in zubar, shi ya bi kwando ya tsince. Ya ce ba a yanke wa abu hukunci ran da aka yi fushi da shi. Tsintsiya yake ce mini tun muna amare. Wai ko shi na samu kwance a ƙasa sai na haɗa da shi na share.

Minti goma sha bakwai. Ƙura ta ba ni biyu.

Asabar, 8 ga wata, 11:00 na safe

Auta ta bugo. Cikin ya tsufa, likita ya hana ta doguwar tafiya, kullum sai ta yi kuka a waya ni kuma in lallashe ta, alhali ni ma ina neman mai lallashi. Ta ce me ya sa ba zan ba Yaya kwamfutar ya duba ba, ai aikinsa ne, kuma shi ya saya wa Baba ita tun farko. Na ce zan gani.

Ba zan ba shi ba. Duk lokacin da na ambaci babansa sai ya zaro waya ya fara latsawa. Ban da ƙarfin roƙo a makon nan.

Lahadi, 9 ga wata, 4:20 na yamma

Abu na biyu da na uku. Ashe manhajoji goma sha shida ne ke tashi tare da ita kowace safiya, kowacce tana neman a fara sallamarta. Na kashe su ɗaya bayan ɗaya, na bar uku da mai gyara ya ce kada in taɓa. Na cire wasan kati, na cire wani abu na koyon harshen waje da bai taɓa wuce darasi na biyu ba, na cire na injin buga takardar da ya lalace tun Auta tana makaranta.

Minti tara. Na yi murna ni kaɗai a ɗaki, har na ji kunyar kaina.

Litinin, 10 ga wata, 12:30 na rana

Jikinsa ya yi zafi. Sun ce a dakatar da darasin magana sai ya sauka. Na zauna ina goga masa tsumma a goshi, yana ta kallon jakar da nake zuwa da kwamfutar, ba ta ciki. Na ce tana gida ina gyara ta, idan ya gan ta ba zai gane ta ba. Ya riƙe mini wuyan hannu da ƙarfi yana son faɗin wani abu. Na ce ya kwantar da hankalinsa, na sani, zan kula da ita.

Yayan Auta ya canza benci, ya dawo wanda ya fi kusa da ƙofa. Na gani, na yi kamar ban gani ba.

Talata, 11 ga wata, 9:10 na safe

Abu na huɗu. Akwai ɗan hoton kwando a kusurwar sama, cike da takardu. Na latsa inda mai gyara ya nuna mini. Ta tambaye ni ko na tabbata ina son goge abubuwa ɗari uku da goma sha ɗaya har abada. Ɗari uku da sha ɗaya. Na ce wannan bawan Allah ko a cikin kwamfuta bai iya fitar da shara ba. Na ce eh.

Ta yi wata 'yar ƙara kamar an murƙushe takarda, kwando ya koma fes. In faɗi gaskiya, tun ranar da abin ya faru ban ji daɗin wani abu kamar wannan ƙarar ba. Ga dai abu ɗaya a duniya da na ce ya tafi kuma ya tafi.

Na bar ta tana sabunta kanta. Ta ce kada a kashe ta. Wa ke da lokacinki.

Laraba, 12 ga wata, 5:40 na yamma

Minti huɗu. Na kashe na sake kunnawa don in tabbatar. Huɗu.

Tunda wuri ya samu, na ce Auta ta turo duk bidiyon jikokin nan da take ajiyewa, na kwashe su daga waya na zuba a ciki, da hotunan bikinta, har kwamfutar ta fara ƙorafin ta cika. Na ce idan ya gaji da rubutu ya kalli masu ƙiriniyarsa.

Zazzaɓin ya fara sauka. Na ci abinci sosai yau.

Juma'a, 14 ga wata, 1:00 na rana

Ban san ta inda zan fara ba.

Mun jona, kafin malamar magana ta gama gyara masa matashi har ta buɗe. Ta ce Malama, wane boka kika kai wa? Na yi dariya. Shi ma gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga. Ya kama linzami, kibiya ta bi hannunsa sumul, ta wuce wurin rubutu, ta wuce hotunan jikoki da na jera masa a tsakiya, ta tafi kusurwar sama. Inda yake ta ƙoƙarin kaiwa tun ranar farko. Ya latsa kwando sau biyu.

Fari fat.

Ya rufe. Ya sake buɗewa. Ya rufe, ya sake buɗewa. Sau uku. Sannan ya juyo ya dube ni. Malamar ta buɗe masa shafin rubutu ta ce ya gaya mana. Ya ɗaga yatsa ɗaya, mutumin da yake bugu da goma ba ya kallon madannai, ya nemi haruffa uku. Kalmarsa ta farko cikin kwana ashirin da shida.

ina

Na ce, "Ina me? Shara ce fa. Na kwashe ta don ta yi sauri."

Ya sa hannu ya rufe murfin a hankali. Saura minti ashirin da biyu a lokacinmu, muka yi su a zaune.

Asabar, 15 ga wata, 2:00 na rana

Bai ci ba. Ya juya fuska bango. Ma'aikaciyar jinya ta ce haka suke yi wani lokaci, ba komai. Na ce eh, haka ne.

Lahadi, 16 ga wata, 7:00 na safe

Wa ke ajiya a kwandon shara. Wa ke yin haka, don Allah.

Lahadi, 4:30 na yamma

Shi. Na fi kowa sani.

Litinin, 17 ga wata, 12:15 na rana

Tun kafin mai gyara ya gama buɗe shago ina tsaye. Na gaya masa komai, har da cewa mai ita bai yi tafiya ba, da inda yake. Bai yi fuskar nan ba, bai ba ni labarin kawun kowa ba, Allah ya saka masa. Ya dai sauko da tabaran goshi ya tambaye ni abin da na yi bayan na kwashe.

Ya yi mini bayani yadda zan gane. Wai idan an goge abu ba ya tafiya nan take, sai dai a ce wurinsa ya zama fili, duk wanda ya zo ya gina. Da na kashe ta a ranar na kawo masa, da ya tsamo kusan duka. To na bar ta ta sabunta kanta, na kuma zuba mata bidiyo har wuya. Na gina a kan filin da hannuna, ina murna.

Ya ce in bar ta kwana uku, zai ajiye aikin wasu. Bai yi alkawari ba. Na tambaye shi ko aƙalla abin da na goge ɗin ne ya sa ta yi sauri. Ya ce sai ya gani.

Na dawo a ƙafa. Gwiwar hagu tana ta magana.

Talata, 18 ga wata, 3:00 na yamma

Na gaya masa. Na jira masu gadon kusa sun fita shan iska, na ja kujera ta ɓangaren bangon da yake kallo don dole ya gan ni.

Na ce, "Ni na goge. Mai gyara ya ce in tambaye ka, na ce ka yi tafiya. Ka riƙe hannuna kana son gaya mini, na ce na sani. Ban sani ba. Ban buɗe na duba ba. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallona. Hawaye ya gangaro ta idon da ba ya rufuwa sosai, wannan kuwa kullum yana yi, ba zan ce nawa ba ne. Sannan ya lumshe ido. Cokali huɗu ya karɓa daga hannun ma'aikaciyar jinya. Daga hannuna ko ɗaya.

Har yanzu ban san mene ne a ciki ba. Takardun gida suna cikin akwati, na duba. Na fanshonsa ma suna nan. Na yi ta juya abin a raina har na kai inda mace ke kaiwa, na ce ko wata ce. A shekaruna. Na yi wa kaina tsaki.

Laraba, 19 ga wata, 6:30 na safe

Na tashi zan kunna ta in ɗora shayi, na tuna ba ta nan. Saura kwana biyar yayan Auta ya koma. Bai shiga ba.

Alhamis, 20 ga wata, 5:50 na yamma

Gwiwa ta ƙi sam. Yayan Auta ya gan ni ina dafa bango a asibiti, ya ce ina za ni, na ce karɓo saƙo. Ya ce zai kai ni. Ban da ƙarfin musu.

Da muka shiga shagon ya ga kwamfutar a kan tebur ya tsaya. Ya ce, "Har yanzu tana nan?" Na ce ina za ta.

Mai gyara ya ce labari biyu ne, kuma ba mai daɗi a ciki sosai. Abin da ke cikin takardun ya tafi. Ya buɗe ɗaya ya nuna mana, 'yan akwatuna da alamomi birjik, ba kalma ko ɗaya. Ya gwada duka, haka suke. Sunayensu kawai suka tsira, da ranakun da aka jefa su. Ya kuma amsa mini tambayata ta ranar Litinin, tunda na sake yi: dukansu a haɗe ba su kai nauyin hoto ɗaya ba. Da na bar su, da minti huɗun nan dai zan samu.

Ya juyo mana da allon.

Barkono. Barkono. Barkono. Tun daga sama har ƙasa, kowanne da kwanan wata a gefensa.

Ni ban taɓa kama sunan yaron nan ba, ɗan fari ne. Babansa kuwa tun yana rarrafe ya sa masa Barkono, don ko nono aka makara ba shi sai unguwa ta ji. Ba mai kiransa haka sai shi. Rabon da in ji kalmar a gidanmu, in ba a kicin ba, shekara shida.

Ya ja kujerar mai gyara ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba. Ya kama linzami yana gangarawa. Ya zaro waya, na ce to, ga ta nan, ashe kalanda ya buɗe. Ya duba wannan, ya duba wancan.

Ya ce, "Umma, duk Juma'a ne."

Na ce na sani. Wannan karon da gaske na sani, ina jin ƙwas-ƙwas ɗin a kunnena.

Na farkon, Juma'ar da ta biyo bayan fitarsa daga gida. Na ƙarshen, kwana biyu kafin ranar. Ba mako ɗaya da ya tsallake, har makon da aka yi masa aikin ido, har makon bikin Auta. Ya rubuta, ya kasa aikawa, ya jefa a kwando, ya kasa zubarwa. Sau ɗari uku da goma sha ɗaya. Da bakin ya tafi kuma, su yake nema ya nuna wa mai su, ni kuma na riga na share.

Ya tambayi mai gyara ko ba wata dabara, ya ambaci wasu abubuwa na aikinsu da ban gane ba. Mai gyara ya yi ta girgiza kai. Daga ƙarshe ya ce a buga masa jerin sunayen a takarda. Shafi tara. Ya ninke ya sa a aljihun gaba.

Ya maido ni gida a mota. Da zan sauka na ce masa ni na goge su. Ya ce ya gane. Ya ce in sa ƙanƙara a gwiwar.

Juma'a, 21 ga wata, 1:30 na rana

Ƙarfe goma saura na zo ɗaukar jakar daga benci, yayan Auta ya riga ni. Ya tsaya a ƙofar ɗan ɗakin har malamar magana ta ce ko a shigo ko a rufe mata ƙofa. Ya shiga.

Ba zan iya rubuta fuskar Maigida ba. Na gwada, na soke layi biyu.

Yaron ya durƙusa ya jona waya a soket, ya daɗe a durƙushe fiye da yadda jona waya ke buƙata. Ya tashi ya zaro shafuka taran ya shimfiɗa a kan cinyar babansa. Maigida ya bi su da yatsa, shafi ɗaya, shafi biyu. Da kwamfuta ta buɗe, yaron ya buɗe sabon shafi, ya sa masa suna Barkono da kwanan watan yau, ya juya masa madannai.

Ya ce, "Yau Juma'a, Baba."

Minti goma sha tara ya ɗauka. Na auna, hali ne. Ya latsa, ya yi kuskure, ya goge, ya huta, ya sake. Malamar ba ta kalli agogo ba ko sau ɗaya. Na ce a raina ga mutum zai zuba shekara shida a layi ɗaya. Da ya gama muka leƙa.

ka yi furfura

Yaron ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ya kifa kai a gefen keken asibitin da babansa ke zaune a kai. Maigida ya kama linzami, kibiya ta ɗauki shafin ta nufi kusurwar sama da shi, hannu ya saba. Yaron ya ɗora hannunsa a kan na babansa ya ce, "A'a. Wannan na karɓa."

Na fita na zauna a bencinsa. Ledar lemo tana nan. Na ɓare ɗaya na sha.

Asabar, 22 ga wata, 6:00 na yamma

Sun yi awa biyu tare. Ya ci abinci daga hannun ɗansa. Ni har yanzu idan na shigo bango yake kallo. Ɗari uku da sha ɗaya ba za su dawo ba, kuma da yatsa ɗaya ba zai sake rubuta su ba ko shekara nawa Allah ya ara masa. Ban ce ya yi sauri ba.

Litinin, 24 ga wata, 4:40 na yamma

Yayan Auta ya tafi. Hutun da aka ba shi ya ƙare, ya ce zai dawo idan Auta ta sauka, kuma duk Juma'a zai kira ta kwamfutar. Ya sa mata sabon batir jiya. Na raka shi tasha, don haka da safe na ajiye wa malamar magana jakar, suka yi darasinsu ba ni. Da na koma ɗauka ta ce yau Maigida ya yi ƙoƙari, har ya ce ta juya baya kada ta gani.

Na dawo gida na kunna ta don in ga ko batirin yana riƙewa. Minti huɗu, ko ruwa ban kai ga ɗorawa ba. Sai na ga kwandon kusurwa da takarda a ciki.

Na daɗe a zaune. Sannan na buɗe kwandon, kwandon kawai. Abu ɗaya ne, da kwanan watan yau. Tsintsiya.

Ban buɗe shi ba. Ban san ko zagi ne ko yafiya, kuma ba a aiko mini ba tukuna. Na rufe, na kashe ta, na lulluɓe ta da ɗankwali saboda ƙura. Gobe ƙarfe goma zan mayar masa da ita yadda ya bar ta.